Filin Tambayoyinku: Matuƙan Jiragen Yaƙin da Suka Rasa Ƙasa Ba Su Ajiye Makami Ba

Wasiƙu uku ne suka iso wannan fili daga Jihar Kebbi a kan magana ɗaya, wato matuƙan jiragen yaƙi na Folan, da Cekoslobakiya, da Faransa a Yaƙin Duniya na Biyu. Na haɗa su wuri guda ne saboda amsar kowace tana jingine da ta 'yar'uwarta.

TAMBAYA: Allah ya gafarta Malam, ni malamin tarihi ne a wata sakandare a Argungu. Ina cikin koyar da yaƙin sama da aka gwabza a kan Ingila a 1940, sai wani ɗalibi ya tambaye ni yadda aka yi mutanen da aka ci ƙasarsu da yaƙi cikin 'yan makonni suka zama su ne kan gaba wajen kakkaɓo jiragen Jamus. Jarumta ce, ko ganganci ne irin na wanda ya fid da tsammani da rayuwa? Amsar da na ba shi ni kaina ba ta gamsar da ni ba.

AMSA: Malam, ɗalibinka ya yi tambayar da manyan hafsoshin Ingila suka yi wa kansu a wancan lokaci, domin su ma da farko ba su yarda cewa wanda aka kora daga filin daga sau biyu yana da sauran ƙwarin gwiwa ba. Kafin a yanke hukunci, ya kamata a duba abin da waɗannan mutane suka zo da shi.

Ranar 1 ga Satumba 1939, da Jamus ta afka wa Folan, matuƙan ƙasar sun tashi ne da jirgin P.11, wanda mazaunin matuƙinsa a buɗe yake, tayoyinsa ba sa naɗewa, gudunsa kuma bai kai kilomita 400 a awa ba, alhali Messerschmitt 109 na Jamusawa ya haura 500. Akwai maganar da ta yaɗu cewa an ragargaza jiragen Folan a ƙasa tun ranar farko, amma ba haka aka yi ba, domin kafin yaƙin ya ɓarke an riga an kwashe su zuwa ɓoyayyun filaye, kuma daga nan suka riƙa tashi suna tare jiragen jefa bam da suka nufi Warso. Mutumin da yake tuƙa jirgin da ba ya iya cim ma abokin gaba, ba ya kuma iya tsere masa, dole ya koyi dabara ɗaya: ya matso kusa ƙwarai kafin ya harba, don damar ba ta zuwa sau biyu. Ka riƙe wannan, za mu dawo gare shi.

Ranar 17 ga Satumba sojojin Tarayyar Sobiyet suka shigo ta gabas, aka sa ƙasar a tsakiya. Matuƙan suka tsallaka Romaniya da Hungari, aka tsare su a sansanoni, suka riƙa sulalewa da takardun bogi, wasu ta teku har Beirut, daga can zuwa Faransa. Da Faransa ta faɗi a Yunin 1940 suka sake ɗaukar hanya, har ma'aikatan sojan saman Folan sama da 8,000 suka taru a Birtaniya, wadda suke kira tsibirin fata na ƙarshe.

Ciwon 'yan Cek kuwa daban ne, kuma a ganina ya fi cin rai, domin su ko damar harba harsashi ɗaya ba a ba su ba. A taron Munich na ƙarshen Satumban 1938, Ingila da Faransa suka amince a yanka wa Hitila yankin iyakar ƙasarsu, inda ganuwar tsaronsu take, ba tare da an zauna da su ba. Ranar 15 ga Maris 1939 Jamusawa suka shiga Firag, aka umarci matuƙa su miƙa jiragensu lafiya lau. Waɗanda suka kasa haɗiye wannan baƙin ciki suka tsallaka Folan a ɓoye, suka shiga jirgin ruwa zuwa Faransa, inda aka ce sai sun sa hannu a kan aikin shekara biyar a rundunar Faransa ta sojoji 'yan ƙasashen waje kafin a karɓe su. Ƙwararrun matuƙa suka tsinci kansu suna fareti cikin zafin ranar Aljeriya a matsayin kurata, sai da yaƙi ya ɓarke aka tuna da su.

A Ingila an fara da su ne da abin da suka ɗauka wulaƙanci. Ba su jin Turanci, alhali tsaron sararin Ingila gaba ɗaya ya dogara ne a kan umarnin da ake bai wa matuƙi ta rediyo daga ƙasa. A wani sansani da ke yammacin Landan, sai aka ɗora mutanen da suka yi yaƙi a ƙasashe biyu a kan kekuna masu ƙafa uku, aka ɗaura wa kowane keke rediyo da kamfas, suna zagaya fili a jere suna koyon bin umarni. Akwai kuma sabo da ya zama haɗari. Sun saba da kilomita da lita, ga shi agogunan jirgin Hurricane da mil da galan suke lissafi. A jiragen Folan da na Faransa janyo totur baya ake yi a ƙara wuta, a na Ingila kuwa tura shi gaba ake yi. Ka kwatanta ɗan kabu-kabun da ya shekara goma a kan babur, aka wayi gari an juya masa totur, aka ce ya ratsa kasuwar Argungu ranar cinta. Wasu kuma sun sauka a kan cikin jirgi saboda sun manta cewa wannan tayoyinsa sai an sauko da su.

Ranar 30 ga Agusta 1940, rukuni na 303, wato rukunin matuƙan Folan a sojan saman Ingila, yana atisaye a sama, sai Ludwik Paszkiewicz ya hango jiragen Jamus. Ya yi magana ta rediyo bai ji amsa ba, sai ya fice daga layi, ya bi ɗaya ya kakkaɓo shi. Da ya sauka aka tsawata masa a kan saɓa umarni, aka kuma taya shi murna, washegari aka ba rukunin izinin shiga yaƙi. Cikin makonni shida aka rubuta musu jirage 126, adadin da ya fi na kowane rukuni a wannan gwabzawa, su kuma matuƙan da suka rasa ba su kai goma ba. Paszkiewicz kansa yana cikinsu, ya mutu ranar 27 ga Satumba.

Ka gaya wa ɗalibanka gaskiya game da wannan adadi. Masu binciken da suka gwada shi da kundin asarar Jamusawa bayan yaƙi sun rage shi sosai, a lissafin wasunsu bai wuce 60 ba. Haka abin yake ga kowane ɓangare, Turawan Ingila da Jamusawa duka, domin a cikin hargitsin sama mutum uku sukan harbi jirgi ɗaya kowa ya tafi da yaƙinin shi ne ya kayar da shi. Ko bayan an rage, 303 yana nan a sahun farko.

Yanzu mu koma kan ganganci. Matuƙan Ingila da yawa an koya musu su buɗe wuta daga nisan yadi ɗari uku zuwa ɗari huɗu, su kuwa 'yan Folan sai sun matso yadi ɗari ko ƙasa da haka, har jirgin abokin gaba ya cika musu ido. Mai kallo daga gefe zai ce sun gaji da duniya ne. Amma harsasan Hurricane ƙanana ne, daga nesa watsewa suke yi, daga kusa kuwa sukan tsaga jirgi. Abin da tsohon P.11 ya tilasta musu koya shi ne ya zama ribarsu. Ƙari a kan haka, yawancinsu sun shekara da shekaru suna tuƙi, da yawa sun fito daga makarantar Dęblin mai tsananin horo, a lokacin da Ingila take tura samarin da ba su wuce 'yan awoyi a kan jirgin yaƙi ba. Mai ganganci ba ya daɗewa a sama, su kuwa asararsu ta fi ta rukunoni da yawa sauƙi.

Idan akwai wanda ya yi kama da abin da ɗalibinka yake nufi, to Josef František ne, ɗan Cek da ya zaɓi zama cikin 'yan Folan tun 1939. Ba ya iya zama a layi. Yakan sulale shi kaɗai ya je ya yi kwanton ɓauna a hanyar da jiragen Jamus suke bi su koma gida da ragowar mai da harsashi. Da shugabanninsa suka ga hana shi ba zai yiwu ba, sai suka ɗauke shi a matsayin baƙon rukuni, suka sakar masa mara. A watan Satumba kaɗai ya kayar da jirage 17. Ranar 8 ga Oktoba, kwana ɗaya bayan ya cika shekara 26, jirginsa ya faɗi a kudancin Landan yana dawowa daga sintiri, ya mutu.

A cikin matuƙa kusan 3,000 da suka kare Ingila, 145 'yan Folan ne, 88 'yan Cekoslobakiya, 13 Faransawa. Abin da ya bambanta su da abokan aikinsu shi ne, Baturen Ingila yana yaƙi ne don kada abu ya faru, su kuwa ya riga ya faru da su, sun ga garuruwa suna ci da wuta, sun ga jirage suna harbin masu gudun hijira a kan hanya. Ba su da gidan da za su je hutu, wasiƙa ba ta zuwa, kuma a 1942 Jamusawa sun tattara iyalan sojojin Cek da ke ƙetare suka tsare su a sansanin Svatobořice. Fushin yana nan, ba na musun sa, amma ƙwarewa ce ta riƙe masa linzami.

TAMBAYA: Malam, ni ɗan kasuwa ne a Kamba, kusan kowane mako ina shiga Gaya. Marigayi mahaifina yakan ce a zamanin yaƙin Hitila iyakarmu ta yi tsauri, wai Faransawan Nijar sun koma bayan Jamus. To ina kuma aka samo Faransawan da suka yi yaƙi tare da Ingila? Ni abin da na sani shi ne Faransa ta miƙa wuya cikin mako shida.

AMSA: Alhaji, Allah ya jiƙan mahaifinka, bai faɗi ƙarya ba. Daga 1940 har zuwa Nuwamban 1942, mulkin Faransa a Afirka ta Yamma, har da Nijar, yana ƙarƙashin gwamnatin Vichy wadda ta yi sulhu da Jamus. Amma a gabas da mu, gwamnan Cadi Félix Éboué ya bi Janar Digol, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya, tun ranar 26 ga Agusta 1940, kuma wannan ne ya ba da damar a riƙa harhaɗa jiragen yaƙi a Takoradi, cikin Ghana ta yau, su biyo ta Legas, Kano, Maiduguri da Fort-Lamy, wato Njamena ta yau, har Alkahira. Ka ga ke nan Faransa biyu ce ta sa Arewa a tsakiya, kuma tsagewar da ka gani a taswira ita ce ta ratsa zukatan matuƙanta.

Ba na yarda a kira su matsorata. Daga 10 ga Mayu 1940 sun yi yaƙi da jirgin Morane 406 wanda Messerschmitt ya fi shi gudu, da Curtiss da aka sayo daga Amurka, sabon jirginsu mai kyau kuwa, Dewoitine 520, rukuni ɗaya tak ya samu kafin a fara. Duk da haka Jamus ta yi asarar jirage sama da 1,200 a wannan gwabzawa a hannun Faransawa da ƙawayensu. Edmond Marin la Meslée shi kaɗai an tabbatar masa da 16, kuma a rukuninsu akwai 'yan Cek irin su Alois Vašátko da František Peřina. Abin da ya karya su yana ƙasa: filayen jiragensu suna faɗawa hannun abokan gaba ɗaya bayan ɗaya, suna ja da baya kullum, umarni yana zuwa a makare ko ya ƙi zuwa.

Jarrabawar gaske ta zo ne bayan sulhun 22 ga Yuni. Ɗan Folan da ɗan Cek sun san gwamnatinsu da ke gudun hijira tana son su ci gaba da yaƙi. Bafaranshe kuwa halattacciyar gwamnatinsa, ƙarƙashin Marshal Pétain wanda duk soja yake girmamawa, ita ce ta ce ya ajiye makami. Idan ya bi umarni ya zauna ƙarƙashin mamaya, idan ya tafi wurin Digol ya zama ɗan tawaye mai gudun soja, iyalinsa kuma suna hannun hukuma. Gaba kura, baya sayaki. Shi ya sa da yawa daga waɗanda suka tafi suka sauya suna. Sannan ranar 3 ga Yuli Ingila ta yi luguden wuta a kan jiragen ruwan Faransa a tashar Mers el-Kébir ta Aljeriya don kada su faɗa hannun Jamus, ta kashe sojojin ruwa kusan 1,300, abin da ya sa masu niyyar tafiya da yawa suka fasa.

René Mouchotte yana cikin waɗanda suka riga suka tafi. Da asubahin 30 ga Yuni, shi da abokansa biyar suka saci wani jirgin jigila a filin Oran na Aljeriya. Sai da suka fara gudu a kan titin tashi suka gane an kulle farfelar yadda jirgin ba zai samu ƙarfin ɗagawa ba, amma ba su tsaya ba, da kyar ya rabu da ƙasa, suka lallaɓa shi ƙasa-ƙasa a kan teku har Jibralta. Ya yi yaƙin Ingila, ya kai ga shugabancin rukuni, aka harbo shi ranar 27 ga Agusta 1943. Pierre Le Gloan kuwa ya bi ɗaya hanyar. Ranar 15 ga Yuni 1940 ya kayar da jiragen Italiya biyar a tashi ɗaya, a 1941 ya kayar da jiragen Ingila a Siriya bisa umarnin Vichy, a 1943 kuma ya mutu a haɗarin jirgi bayan rundunarsa ta koma ɓangaren ƙawance. Ni ina ganin Mouchotte ne ya hango daidai, amma ba na iya zagin wanda ya riƙe rantsuwar da ya yi wa tutarsa.

Akwai kuma waɗanda Digol ya tura Rasha a ƙarshen 1942, rukunin da aka sani da Normandie-Niemen, suka yi yaƙi da jiragen Yak cikin sanyin da ba su taɓa gani ba. An rubuta musu jirage 273, kuma cikin matuƙa kusan ɗari, 42 ba su dawo ba. Ranar 15 ga Yuli 1944 suna ƙaura zuwa sabon fili, Maurice de Seynes ya ɗauko bakanikensa ɗan Tarayyar Sobiyet, Vladimir Belozub, a matse a bayan kujera, wurin da ba ya ɗaukar mutum da laimar sauka. Mai ya fara yoyo, tururinsa ya cika jirgin ya rufe wa matuƙin ido. Daga ƙasa aka yi ta ba shi umarni ta rediyo ya yi tsalle, ya ƙi, domin na bayansa ba shi da laima. Ya yi ta ƙoƙarin sauka a makance har jirgin ya daki ƙasa. Tare aka binne su.

TAMBAYA: Ni tsohon soja ne a Zuru, mahaifina kuma ya je Boma, lambobinsa suna nan cikin adaka. Abin da nake so in sani guda ne: da aka gama yaƙi, wace sakayya aka yi musu?

AMSA: Ranka ya daɗe, wannan ce tambayar da amsarta ta fi yi mini nauyi. Faransawan sun koma gida da daraja. Ranar 20 ga Yuni 1945 matuƙan Normandie-Niemen suka sauka a filin Le Bourget na Faris da jiragen Yak-3 da Stalin ya ba su kyauta, jama'a ta yi dafifi ta tarye su.

'Yan Folan kuwa tun taron Yalta na Fabrairun 1945 gwiwarsu ta yi sanyi, domin a nan suka gane cewa ƙasar da suka shekara shida suna yi wa yaƙi an bar ta a hannun Stalin, gabashinta kuma, inda gidajen da yawa daga cikinsu suke, an haɗe shi da Tarayyar Sobiyet. Duk da haka sun ci gaba da tashi har ranar ƙarshe. A faretin nasara da aka yi a Landan ranar 8 ga Yuni 1946, inda har sojojin Afirka ta Yamma irin su mahaifinka suka samu wakilci, ba a gayyaci rundunar Folan da ta yi yaƙi ƙarƙashin Birtaniya ba, saboda gwamnatin Ingila ta riga ta amince da sabuwar gwamnatin Kwaminis ta Warso. An kira 'yan tsirarun matuƙa su shiga sahun sojan saman Ingila, suka ce ba za su je ba tun da an bar 'yan'uwansu na ƙasa da na ruwa a waje. Kai soja ne, ka fi ni sanin abin da wannan yake nufi.

Yawancinsu ba su koma gida ba. Cikin waɗanda suka koma akwai Stanisław Skalski, wanda ya fi kowane ɗan Folan kayar da jirage. A 1948 aka kama shi da zargin leƙen asiri, aka azabtar da shi, aka yanke masa hukuncin kisa, daga baya aka mayar da shi ɗaurin rai da rai, bai fito ba sai 1956.

'Yan Cek kimanin 2,500 ne suka yi aiki da sojan saman Ingila, kusan 500 suka mutu. Waɗanda suka tsira an tarye su a Firag da furanni a Agustan 1945, amma da 'yan Kwaminis suka karɓe mulki a Fabrairun 1948, zaman da suka yi a Yamma ya zama laifi. Aka kore su daga aiki, aka tuɓe musu girma, wasu aka tura su sansanin aikin tilas. Shugabansu Karel Janoušek, wanda matarsa da danginsa da dama suka mutu a hannun Jamusawa saboda shi, ya shekara goma sha biyu a kurkuku, sai 1960 aka sake shi. František Peřina, wanda na ambata a amsar Alhaji, ya sake tserewa a 1949 shi da matarsa cikin ƙaramin jirgi, wannan karon daga hannun gwamnatin ƙasarsa. Ya zauna a Ingila, da Kanada, da Amurka, bai dawo gida da zama ba sai 1993, yana da shekara 82.